Wane harsashi ya fi dacewa idan ana so bututun bindiga ya daɗe?

Bakatsinen Tekzas ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina gaida dattawan wannan zaure da sauran 'yan'uwa. Ina zaune a jihar Tekzas ta Amurka, kuma na shiga wata ƙungiyar wasan harbi wadda filinta ke da nisan yadi 600, ko da yake lokaci-lokaci 'yan ƙungiyar kan je gasa a wani fili mai yadi 1,000. Har yanzu da bindigar ƙungiya nake koyo, amma na cika sharuɗɗan da dokar nan ta gindaya, kuma ina shirin sayen tawa ta kaina. Lissafin da na yi ya nuna zan riƙa harba kimanin harsashi 200 a wata, wato wajen 2,400 a shekara, domin so nake in ƙware sosai, ba in ajiye bindiga a akwati ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne zaɓin harsashi. Guda uku ake ta ambata mini: .308 Winchester, da 6.5 Creedmoor, da 6mm Creedmoor. Matasan da ke cin gasa a wurinmu kusan dukkansu masu milimita 6 suke riƙewa, amma wani dattijo a ƙungiyar ya ja ni gefe ya ce irin wannan harsashi cin bututu yake yi, kuma da yawan harbin da nake niyya ba zan kai shekara ba sai na nemi sabon bututu. Ni ma'aikaci ne mai iyali a nan da kuma gida, ba ni da kuɗin da zan zubar. Ina roƙon masu sani su fayyace mini abin da ke kashe bututu, da girman bambancin da ke tsakanin waɗannan ukun, da kuma wanda za su ba mai koyo shawarar ya ɗauka.

Injiniyan Ƙarfe ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam Bakatsine. Dattijon nan gaskiya ya faɗa maka, kuma zan yi ƙoƙarin nuna maka dalili, domin idan ka fahimci dalilin za ka iya auna kowane harsashi da kanka ba sai ka tambaya ba.

Mutane da yawa suna zaton gogayyar ƙwayar harsashi da ƙarfe ce ke cinye bututu daga farkonsa har baki. Gogayya tana da nata kason, amma ƙarami ne. Bututu yana mutuwa ne daga wuri guda, wato maƙogwaronsa, inci biyu ko uku na farko da ke gaban mazaunin harsashi, inda tsagogin nan masu murɗewa da ke juya ƙwaya suke farawa. Idan aka ja kunama, albarushi yana ƙonewa da zafin da ya haura digiri 2,000 a ma'aunin Salshiyos, alhali ƙarfen bututu yana narkewa ne a wajen digiri 1,400 zuwa 1,500. Abin da ya hana shi narkewa gaba ɗaya shi ne gajartar lokacin, domin ƙwaya ba ta wuce kashi ɗaya ko ɗaya da rabi cikin dubu na sakan a cikin bututu. Duk da haka, fatar ƙarfen tana ɗaukar wannan zafi farat ɗaya ta kumbura, sannan ta huce ta tsuke, ga kuma matsin iskar gas da ya kai fam 62,000 a kan kowane murabba'in inci, wanda shi ne iyakar da hukumar SAAMI, mai tsara ƙa'idojin harsashi a Amurka, ta ƙayyade wa .308 da 6.5 Creedmoor. Idan ka zura 'yar kyamarar duba bututu a cikin wanda ya sha harbi, za ka ga maƙogwaron ya tsattsage kamar busasshiyar lakar fadama a tsakiyar rani, gefunan tsagogin da ke da kaifi a da sun goge sun yi sulɓi, kuma mafarinsu ya ja gaba ya bar ƙwaya da tazarar da za ta tsallaka kafin ta kama. Daga inci shida zuwa baki kuwa, sau da yawa za ka tarar da ƙarfen yana sheƙi tamkar sabo.

To, me ya bambanta harsasai? Yawan albarushi idan aka gwada shi da faɗin ramin da zai bi ya fita. Nan ne lissafin yake da ban sha'awa, domin ukun da ka ambata kusan albarushi ɗaya suke ci, giren 40 da 'yan kai (giren ma'aunin nauyin albarushi da ƙwaya ne). Amma ƙwayar .308 tana da kaurin milimita 7.82, ta 6.5 tana da 6.71, ta milimita 6 kuma 6.17. Idan ka fitar da faɗin ramin kowanne, na 6.5 bai wuce kashi 73 ko 74 cikin 100 na .308 ba, na milimita 6 kuma wajen kashi 62 ne. Wuta iri ɗaya ce ake tilasta wa bi ta ƙofar da ta fi ƙunci, saboda haka kowane ɗigon ƙarfe a maƙogwaro yana shan zafi fiye da na ɗan'uwansa, kuma albarushin da ya dace da ƙananan ramuka mai jinkirin ƙonewa ne, wanda ke tsawaita lokacin da wutar ke lasar ƙarfen.

Ba sabon abu ba ne. Kamfanin Winchester ya fitar da .308 a 1952, sannan a 1955 ya matse wuyan kwansonsa, wato ɓawon da ke riƙe albarushi da ƙwaya, ya mai da shi .243 Winchester, kuma tun daga lokacin maharba suka lura cewa bututun .243 ba ya kai rabin kwanan na .308. Kafin nan an ga haka da .220 Swift na 1935, wanda ya haura gudun ƙafa 4,000 a sakan ya kuma yi ƙaurin suna wajen ƙona maƙogwaro. Haka .264 Winchester Magnum ya sha irin wannan suka, har 7mm Remington Magnum ya zo a 1962 ya ƙwace masa kasuwa.

Alƙaluman da 'yan gasa suka saba gani, idan ana maganar harbin da ke buƙatar daidaito sosai, su ne kamar haka: .308 yakan kai harbi 5,000 zuwa 8,000, 6.5 Creedmoor yakan tsaya tsakanin 2,000 da 3,000, 6mm Creedmoor kuwa wajen 1,500 ne, wani ya ɗan haura wani ya gaza. Da harbi 2,400 a shekara, ka ga na farkon zai kai ka shekara biyu zuwa uku, na biyun shekara guda, na ukun kuwa wata bakwai ko takwas. Shawarata ga mai koyo .308 ce. Abin da mai koyo ya fi buƙata shi ne bindigar da ba ta canja hali a hannunsa, domin ya san cewa idan ƙwaya ta kauce, shi ne ya kauce ko iska, ba bututu ba. Ga kuma wata riba: a gasar harbin nesa da ake kira F-Class akwai rukunin F-TR wanda ba a shiga da komai sai .308 ko .223 Remington, saboda haka za ka kara ne da masu irin kayanka.

Ɗan Gasa ya rubuta:

Salamu alaikum. Bayanin Injiniya a kan yadda maƙogwaro ke zaizayewa babu abin da zan ƙara a kai, Allah ya ƙara basira. Amma a kan shawarar da ya yanke ina da ja, kuma dalilina na kuɗi ne, tunda kuɗi ne damuwar mai tambaya.

Malam Bakatsine, ka ɗauki alƙalami. A ce sabon bututu mai kyau, irin na kamfanin Bartlein ko Krieger, haɗe da ladan maƙerin da zai yanka masa mazauni ya ɗaura shi, ya tasar ma dala 800. Idan ka raba wannan da harbi 6,000 na .308, kowane harbi ya ci maka santi 13 na bututu (santi 100 ne dala ɗaya). Idan ka raba da 2,500 na 6.5 Creedmoor, santi 32 ke nan. Na 6mm Creedmoor a kan harbi 1,500 ya kama santi 53. Yanzu ka dubi harsashin kansa: na gasa daga kamfani yakan kai dala 2 kowane ɗaya, ko kusa da haka. Wato kafin ka kashe bututun 6.5 guda ɗaya ka riga ka ƙona harsashin dala 5,000. Bambancin da ke tsakanin .308 da 6.5 ta fuskar bututu bai kai santi 20 a kowane harbi ba, wanda a shekararka bai cika dala 500 ba. Kuɗi ne, ban ce ba kuɗi ba ne, amma ba shi ne babban ramin da ke cikin aljihunka ba.

Sai a tambaya, me wannan ƙarin ke saya maka? Kamfanin Hornady ya fitar da 6.5 Creedmoor a 2007 musamman domin gasar nesa. Ƙwayarsa mai giren 140 siririya ce doguwa, tana fita da gudun ƙafa 2,700 a sakan, kuma tana ratsa iska fiye da ƙwayar .308 mai giren 175 da ke fita da wajen 2,600. A nisan yadi 1,000, idan iska mai gudun mil 10 a awa tana bugowa daga gefe, za ta ture .308 da kusan inci 100, ta ture 6.5 da inci 70 da 'yan kai. Duk wanda ya taɓa kwanciya a bayan bindiga yana kallon tutocin fili, ɗaya ta miƙe ɗaya ta langaɓe, ya san kuskuren karanta iska shi ne ke cinye maki, kuma harsashin da ke yafe maka kashi ɗaya cikin huɗu na kuskurenka ba ƙaramin abu ba ne. Na biyu, 6.5 ba ya dukan kafaɗa kamar .308. Mai koyo da ke shan duka a kowane harbi yakan fara runtse ido da ƙanƙame jiki kafin kunama ta saki, kuma wannan ɗabi'a idan ta kama mutum tana da wuyar raba shi da ita. Da 6.5 kana iya ci gaba da kallon allo ta madubin saiti har ka ga inda ƙwayarka ta faɗa, ka gyara da kanka.

Inda na yarda da Injiniya ɗari bisa ɗari shi ne a kan 6mm Creedmoor. Kada ka saye shi yanzu. Matasan da ka gani da shi sun riga sun ƙware, suna neman ɗan fifikon da ke raba na ɗaya da na biyar, kuma da yawansu kan ajiye bututu biyu ko uku a gida, wasu ma da wata bindigar daban suke atisaye. Ko a cikin masu milimita 6 ɗin ma, da yawa sun koma kan ƙananan kwansuna irin su 6mm BR da 6 Dasher da 6 GT, waɗanda ke cin albarushi ƙasa da na Creedmoor, domin dai su ƙara wa bututu kwana. Idan filinka ba ya wuce yadi 600, tazarar .308 da 6.5 a irin waccan iskar wajen inci 10 ce kawai, kuma a nan hujjar Injiniya tana da ƙarfi. Amma tunda ka ce idonka yana kan yadi 1,000, ni 6.5 Creedmoor zan ce ka ɗauka, ka sa kuɗin bututu cikin kasafin kowace shekara tun daga yau.

Tsohon Soja ya rubuta:

Assalamu alaikum 'ya'yana. Ni ban san gasar da kuke yi a can ba, kuma a nan gida doka ba ta buɗe wa farar hula wannan ƙofa yadda ta buɗe muku ba. Amma na yi aikin kula da makamai a soja, a zamanin da bindigogin FN da G3 suke hannunmu, kuma harsashinsu, 7.62 na NATO, ɗan'uwan .308 ɗin nan ne da kuke magana a kai. Abu biyu nake so in ƙara.

Na farko, ku tantance abin da kuke nufi da mutuwar bututu. Mu a wurinmu ana zura geji ne, wato ƙarfen awo, a auna yadda maƙogwaro ya ci, kuma muddin bai wuce iyaka ba bindiga tana nan a bakin aiki, ko da ƙwayoyinta suna bazuwa inci uku ko huɗu a yadi 100. Ɗan gasa kuwa da zarar ƙwayoyinsa sun tashi daga rabin inci sun koma inci ɗaya sai ya ce bututu ya mutu, alhali mafarauci zai karɓi wannan bututun ya yi shekaru yana cin nama da shi. Shi ya sa alƙaluman da ake faɗa suke saɓawa, kowa da ma'auninsa. Bindigogin soja da yawa ana shafe cikinsu da ƙarfen kurom domin su jure zafi da tsatsa, amma masu neman daidaito na ƙarshe ba su cika son haka ba, saboda da wuya shafin ya kwanta da kauri ɗaya daga farko har ƙarshe.

Na biyu, hannun mai bindiga yana kashe bututu kamar yadda harsashi ke kashe shi. Na ga bindigogi biyu da aka fitar daga akwati ɗaya rana ɗaya, ɗaya ta lalace tun ɗayar ba ta nuna alamar gajiya ba, kuma bambancin bai wuce zafi da wanki ba. Wanda ke jera harbi ashirin babu hutu yana ɗora wuta ne a kan ƙarfen da bai huce ba, kuma a nan tsagewar take saurin shiga. Ƙa'idar da muka koya mai sauƙi ce: ka ɗora bayan hannunka a kan bututu kusa da mazauni, idan ba za ka iya barinsa a wurin ba, to ka buɗe bindigar ka jingine ta a inuwa. Na ji an ce garinku yana da zafin rana irin namu, saboda haka kada ka bar akwatin harsashi a rana ko a cikin mota, domin albarushi mai zafi yana ƙara matsi. Wajen wanki kuma, ka shigar da sandar daga baya, ta wajen mazauni, da abin da zai riƙe ta a tsakiya, kuma ka goge ta a kowane zuwa, domin sandar da ƙura ta manne mata gugar ƙarfe take yi. Ka kiyaye bakin bututu ƙwarai, domin shi ne wuri na ƙarshe da ƙwaya ke taɓawa, kuma ɗan rauni a gefensa ya isa ya watsa harbi ko da maƙogwaro lafiya lau yake.

Bakatsinen Tekzas ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, Allah ya ƙara girma, maganarku a kan zafi ta shafe ni kai tsaye, domin a nan da rani zafi yakan haura digiri 38, kuma na lura mutane kan jera harbi su gama da wuri su gudu inuwa. Hankalina ya fi karkata ga 6.5 Creedmoor saboda batun iska da dukan kafaɗa, sai dai sauya bututu duk shekara yana yi mini nauyi. Shin akwai hanyar da zan rage wannan? Kuma ta yaya zan gane ya fara mutuwa tun kafin ya kunyata ni a tsakiyar gasa?

Injiniyan Ƙarfe ya rubuta:

Akwai hanya, kuma ina ganin za ta sasanta ni da Ɗan Gasa. Ba dole ba ne duk harbi 2,400 ɗin nan su bi ta bututu ɗaya. Mafi yawan abin da mai koyo ke buƙatar maimaitawa, wato kwanciya daidai, da numfashi, da jan kunama ba tare da girgiza bindiga ba, ba ya buƙatar babban harsashi. Bindiga mai cin .22 LR tana koyar da duk wannan a yadi 50 zuwa 200, harsashinta yana da araha matuƙa, bututunta yana shan dubun-dubatar harbi bai gaji ba, kuma saboda iska tana wasa da ƙwayarta sosai, tana koya wa mutum karanta iska a ɗan gajeren fili. Idan kana son abin da zai kai yadi 600, .223 Remington yana cin albarushi wajen giren 25 ne kawai, kuma bututunsa yakan kai harbi 5,000 ko fiye. Idan ka mayar da kashi biyu cikin uku na atisayenka kan ɗaya daga cikinsu, 6.5 ɗinka zai riƙa shan harbi 800 a shekara, bututun ya kai ka shekara uku. Rarar kuɗin harsashi kaɗai za ta biya maka ƙaramar bindigar cikin ɗan lokaci.

Idan nan gaba ka fara ɗura harsashi da kanka, ka tsaya a kan littafin kamfanin albarushi, kuma kada ka bi masu neman ƙure gudu. Ƙarin ƙafa 50 ko 80 a sakan ba zai canja makinka ba, amma maƙogwaro zai ji shi a kowane harbi. Albarushin da aka haɗa da naitirogilisarin yakan ba da ƙarin gudu, yakan kuma ƙone da zafi fiye da wanda babu shi a ciki, saboda haka masu tattalin bututu sukan kauce masa.

Game da alamomi, ka sayi ɗan littafi tun ranar farko ka riƙa rubuta yawan harbin kowace fita, domin ƙwaƙwalwa ba ta riƙe wannan lissafi. Ka auna gudun harsashinka da na'ura bayan harbi 200 na farko, lokacin da sabon bututu ya gama zama, ka rubuta, sannan ka riƙa sake aunawa da irin harsashin nan. Idan gudun ya fara sauka a hankali ba ya dawowa, maƙogwaro ya ja gaba. Alama ta biyu ita ce ƙwaya ɗaya cikin biyar ko goma ta riƙa ficewa daga cikin 'yan'uwanta ba tare da ka ji ka yi kuskure ba, kuma abin yakan fara bayyana a nesa tun yadi 100 yana nuna komai lafiya. Ta uku, bututun ya riƙa tara jan ƙarfe da wuri, wanki ya riƙa ɗaukar lokaci fiye da da. Amma kafin ka yanke masa hukunci, ka sa a duba da kyamara, domin wani lokaci dattin ƙuna ne ya daskare ya yi zobe a bakin mazauni, kuma wanki mai kyau yana dawo da bindigar yadda take. Ka kuma tabbatar sukurorin madubin saiti da na jikin bindiga ba su saki ba.

Idan ta tabbata maƙogwaro ne, maƙeri yana iya yanke inci ɗaya ko biyu daga gindin bututu ya sake yanka sabon mazauni, muddin akwai kaurin da zai ɗauka. Wannan yakan ƙara wasu ɗaruruwan harbi, amma idan tsagewar ta yi nisa ladan aikin ya fi amfaninsa. Abin da ya fi shi ne ka ba da odar sabon bututu tun tsohon yana wajen harbi 1,800, domin masu ƙera na kirki sukan ɗauki watanni kafin su kawo, kuma wajen sayen bindigar ka tambaya ko ƙirarta tana karɓar bututun da aka riga aka yanka wa mazauni, wanda ake ɗaurawa ba sai an kai ta kan injin maƙeri ba.